Katantanwar da na tono a rijiyar Ba'amurke

Na fara ginar rijiya a Filinge tun ina saurayi, lokacin Faransawa ba su gama barikinsu ba. Ina da shekara arba'in da 'yan kai wani farin dattijo ya sauka bayan gari da jakuna biyu. Ba mutumin kumandan Faransawa ba ne. Ba'amurke ne mai wa'azin Kirista, ya koyi Hausa can ƙasar Hausa da Ingilishi ke mulki. Mutanen ƙasarmu ta Kurfai sun saurare shi, sun gaishe shi, kowa ya koma sallarsa. Bai yi fushi ba. Ya ce mini yana son rijiya kusa da bukkarsa, na ce to.

Mun kai gaba tara sai digata ta shiga wani farin dutse mai laushi. Na fasa, na ga katantanwa da ƙayar kifi a ciki, duk sun zama dutse. Na sa a guga aka ja sama. Da na fito na tarar da shi zaune a ƙasa, dutsen a tafin hannunsa, yana hawaye.

"Malam, lafiya?" na ce.

"Abokina, mi ya kawo kifi ƙarƙashin wannan tudu?"

"Ruwan ɗufana mana. Kowane yaro ya san wannan."

Ya yi dariya cikin kukan. Ranar ya ba ni labarin ƙasarsu. Ya ce mutane sun rabu biyu, har gaban alƙali ana zuwa. Wasu sun riƙe cewa Allah ya halicci duniya cikin kwana shida, ya yi mutum da hannunsa. Wasu sun ce a hankali dabba ta yi ta sake kama har ta zama mutum, kuma haka ake koya wa yara a lakwal, wato makarantar boko. Ɗansa guda ɗaya, wanda ya yi wa tarbiyya bayan rasuwar uwar, ya shiga babbar makaranta ya koma wancan ɓangare. Sun yi cacar baki a kan abinci, uban ya ce masa ya tashi ya bar gidan. Shekara shida ke nan ba su gaisa ba.

"Zan aika masa wannan," ya ce. "In ya gani da idonsa, zai dawo."

Na ba shi mafi kyawu cikin katantanwar. Ya naɗe ta a tsumma, ya kai bariki. Likitan Faransawa ya juya ta, ya ce teku ce ta kwanta a nan tun babu mutum a duniya. Dattijon ya karɓi abinsa, ya sa a buhun wasiƙu.

Muka sami ruwa. Damina ta zo ta wuce, kullum yana zuwa bakin hanya duban mai kawo wasiƙu. Bayan an yanke gero amsa ta iso. Ina gyaran bakin rijiyar ya karanta, ya sake karantawa, ya ninke.

"Ya gode," ya ce. "Ya ce dutsen yana da kyau, kuma wai shi dutsen ya ba gaskiya, ba ni ba."

Na ce, "Amma ya rubuto, Malam."

"Ya rubuto. Ban taɓa ce masa ina kewarsa ba. Dutse na aika."

Ya ce zai sake rubutawa, ya yi ta ɗagawa. Cikin watan nan zazzaɓi ya kwantar da shi. Matata ta riƙa dama masa kunu, ba ya iya sha. Kwana takwas ya rasu. Ni na gina kabarinsa, don ba wanda ya san yadda ake binne irinsu. Likita ya karanta wani abu gajere da Faransanci.

Wata biyu bayan haka aka kira ni bariki. Wata wasiƙa ce ta zo daga ɗan, mai kauri, shafi huɗu. Na roƙi likita ya karanta mini. Ya buɗe, ya daɗe yana dubawa, ya ce bai iya harshensu ba, kalmomin farko kawai ya gane: "Babana ƙaunatacce." Ya liƙe ta, ya rubuta a bayanta cewa mai ita ya mutu, aka mayar da ita cikin buhun wasiƙu.