Ƙaramin Giya a Fadamar Sarandosa

Mun tashi daga Danwarai ana sallame Asuba, ni da direba da ɗan wana wanda ya kawo mana labarin. Kun san ni, ko kasuwar Aliero sai an matsa mini nake zuwa. To amma wana da ke zaune Sarandosa ya faɗo daga kan rumbu, ƙashin cinya ya karye har ya huda fata, kuma masu ɗori suna nan Aliero. Dole a ɗauko shi.

Motar tsohuwar jif ce ta wani maƙwabci, wadda ke kwasar albasa da rani. A Jega munka sha kunu tsaye bakin gada, mai kunun tana ta mita gero ya yi tsada. Har Maiyama kwalta ce, ko da ta ci duniya. Daga nan sai jar ƙasa, sai fadama. Tun da anka ba mu jihar Kebbi ake cewa za a yi hanyar nan, har yau kwaɗi ke sarauta a kanta. Direba ya taka wuta munka tsallake taɓon da gudu, kaina na bugun rufi. Ban kawo komi a raina ba.

Na iske Yaya kwance, ƙafa ta kumbura. Ya dube ni ya ce, "Ashe sai na karye kaka zowa gidana." Na yi dariya, idona na ruwa.

Munka shimfiɗa mishi katifa a bayan mota. Da munka dawo bakin fadama direba ya tsaya. Ya ce da mai karaya ba a shiga da gudu, sai an sa ƙaramin giya, wanda ke sa mota ta ja da ƙarfi tana rarrafe. Ya mayar da giya furi, ya taka kuloci, ya ja guntun sandan da ke kusa da babban giya. Sai ƙarrr, kamar ana niƙa tsakuwa. Ya ja baya kaɗan, ya sake. Ƙarrr. Ya kashe mota ya gwada, sandan ya ƙi motsi.

Ya shiga ƙarƙashi ya daɗe, ya fito da taɓo har gemu. Ya ce ƙarfen da ke tura giyan ya ci tsatsa, rabon da a taɓa shi tun daminar bara. Wasu masu noman shinkafa sunka ba mu kananzir na fitilarsu, anka zuba, anka yi ta bugu da dutse. Ya kwance murfin akwatin giyan ya sa yatsa, ba mai, sai ruwan laka. Ya juye ɗan baƙin man da ya rage mishi. Duk wannan Yaya na salati, ƙudaje na bin tsumman da ke ƙafarshi. Azahar ta same mu nan, La'asar ma.

Direba ya sake jan sandan, sai munka ji ƙwas, ƙaramin giya ya shiga. Mota ta soma rarrafe. Tsakiyar taɓo na ji kukan motar ya canza, kafin in buɗe baki sandan ya yi tsalle ya fita, mota ta yi wata girgiza. Ihun da Yaya ya yi, har yau yana kunnena.

"Baba, danne shi! Kada ka saki ko hannunka zai cire!" in ji direba.

Na danne da hannu biyu, ƙarfe na rawa yana ƙuna, har munka hau tudu.

Ana kiran Magariba munka shiga Aliero. Mai ɗori ya ɗaga tsumma, ya sunsuna, ya mayar. Ya jawo ni waje ya ce, "Wanga ya wuce ɗori. Ku kai shi asibiti yanzu."

An kai shi. An yanke ƙafar daga cinya, amma yana da rai, alhamdu lillahi.

Na dawo Danwarai tafin hannuna duk bororo. Ban ga laifin direba ba, mutum ne ya yi iyakar yinshi. Abin da na koyo shi ne, kayan da ba a nema sai ranar wuya, a riƙa gwada shi ranar lafiya. Maƙwabcina ya gyara motarshi. Ni ko ina sassaƙa wa Yaya sanda.