Ɗan Fari Ne, Likita

Hannuwanta na fara lura da su. Ranar suna ce, a gidan iyayenta da ke wani ƙauye gaba da Gwiwa, inda ta tafi haihuwar fari kamar yadda aka saba. An ba ni izini in leƙa ɗaki in yi barka. Jaririn yana gefenta yana tsala kuka, ita kuwa matata ta shimfiɗa tafukanta a kan cinya, a buɗe, kamar wadda aka ce ta karɓi abu sannan aka manta da ita. Lallen ya kama sosai. Ba ta dubi yaron ba, ba ta dube ni ba.

"Kai, yarinyar nan akwai kunya," in ji wata gwaggonta. "Ko kallonsa ba ta yi!"

Mata suka yi dariya, ni ma na yi. A wajenmu, balle gidan Fulani irin nasu, uwa ba ta nuna son ɗan fari a gaban mutane. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, in ya yi kuka sai wata ta ɗauka ta miƙa mata. Wadda ta fi kau da kai ita ake yabo.

Ni kuma na tashi ne da littattafan soyayya da nake saye a kasuwar Kazaure, na karanta su har bangonsu ya tsinke. A cikinsu duk macen da ta yi shiru, ƙauna ce ta cika mata zuciya. Na koma Roni ranar ina murna, na zauna na rubuta mata wasiƙa shafi uku, na kira ta tauraruwa, na kira ta sanyin idaniya. Daga baya na ga wasiƙar a ƙarƙashin tabarmarta, ba a ko buɗe ba.

Kowace Juma'a nakan hau babur in je. Akan ba mu ɗan lokaci a zaure. A mako na uku ta zauna nesa da ni, ta rame, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"In ya yi kuka sai in ji kamar ɗan maƙwabta ne. Ba na barci. Ka ce musu su riƙa rufe rijiyar nan."

"Me ya sami rijiyar?"

"Ba komai. Ni dai ka ce su rufe."

Ban ce musu ba. Ta yaya suruki zai buɗe baki a gidan surukai ya ce a rufe rijiya? Washegari na kama motar Kano, na nemi likitan ƙwaƙwalwa a wani asibiti. Na wuni a kan benci kafin a kira ni. Dattijo ne mai furfura, da tabarau a kan hanci. Ya saurare ni har na gama, ya ce abin da nake faɗa ciwo ne sananne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, kuma yana da magani.

"Kawo ta gobe."

"Ranka ya daɗe, jego take. Ba za su bar ta ta fita ba sai ta yi arba'in. Saura kwana goma sha takwas. Ka taimaka ka yi magana da ita ta waya."

Ya cire tabarau ya ajiye. "Malam, ni ba na duba mara lafiya ta waya. Ina so in ga idonta, in ga yadda take zama, in ga ko ta yi wanka. A waya kowa lafiya lau yake. Kuma wa zai riƙe wayar? Wa ke tsaye a bayanta? In na rubuta magani mai shayarwa ta sha, wani abu ya faru, wa za a kama?"

A littattafaina likita yakan ɗauki jakarsa ya bi mutum har ƙauye. Na durƙusa a gaban teburinsa ina roƙo, har ya ji nauyi ya ce to, ranar Alhamis bayan azahar, minti biyar.

A ƙauyen ba a samun sabis sai a kan tudu, bayan rumbuna. Mai jego ba ta fita ita kaɗai, don haka Inna, mahaifiyarta, ta rako ta. Na miƙa wayar da hannu biyu, Inna ta karɓa ta ce a buɗe murya ita ma ta ji. Na ja da baya na sunkuyar da kai. Na san ya kamata in ce ta ɗan ba su wuri. Kalmar ta zo har bakina, ta tsaya.

Suka gaisa. Likita ya tambayi matata barci, ta ce alhamdu lillahi. Ya tambayi abinci, ta ce alhamdu lillahi. Sai ya ce, "Baiwar Allah, kina jin son jaririn nan a ranki?"

Na ga ta dubi mahaifiyarta, ta mayar da ido ƙasa.

Inna ta kwashe da dariya. "Haba likita! Ɗan fari ne fa. A gabana kake so ta ce tana sonsa? Kai taka uwar haka ta yi maka?"

"Mama, ita nake tambaya."

"To ai ni na amsa maka. Lafiyarta ƙalau, tarbiyya ce."

Ya ce a ba ni wayar. "Ka gani, Malam? Abin da na faɗa maka ke nan. In ta yi arba'in ka kawo ta." Ya kashe.

Har yau wannan ne ke ci mini rai. Bahaushe ne shi ma, ya san kunyar ɗan fari sarai. Yana iya cewa, Mama ki ɗan matsa. Shi likita ne, da ta ji maganarsa. Yana iya sake kira gobe. Amma ya zo wayar ne yana jiran ta gaza, da ta gaza kuwa na ji kamar ya samu sauƙi.

Ba ta kai arba'in ba. Ranar kwana talatin da huɗu, da hantsi, mata masu ɗiban ruwa suka tarar da ita zaune a bakin rijiya, ƙafafunta a ciki. Suka riƙo ta da zane, suka yi kururuwa, duk ƙauyen ya fito. Ranar babu wanda ya ambaci al'ada. Kafin la'asar muna Kano.

Likitan nan ya karɓe ta da kyau, ya kwantar da ita mako shida. Ya iya aikinsa, ba zan yi masa ƙarya ba. Ranar farko ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Me ya sa kuka bari ta kai haka?" Na ce, Allah ya ba da haƙuri, ranka ya daɗe.

Ta warke, amma ba ta dawo ɗakina ba. Yaron ya riga ya koma hannun mahaifiyata, matar yayana ke shayar da shi. Da na je biko ta fito zaure ta ce, "Ba ka yi mini komai ba. Amma duk lokacin da na gan ka sai in tuna ranar tudun nan, kana tsaye ka sunkuyar da kai." Mahaifinta ya nemi takarda, na rubuta, layi biyu kawai.

Yanzu shekara goma sha ɗaya ke nan. Tana Babura a gidan yayanta, ba ta sake aure ba, tana ɗinkin hula. Yaron yakan je mata hutu, yana kiranta Adda, kamar yayarsa ce. Shi ya ba ni labari cewa duk wata akwai wata likita da ke kiranta daga Kano, ita kuma ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, su daɗe suna magana, wani lokaci har ya jiyo dariyarta. Tana da wayarta ta kanta. Ta ce masa kada ya ba ni lambar.