Shekarun Nasrullahi a Bakin Kakarsa

A unguwar Hausare ta Garwa, idan gardama ta tashi a kan wa ya girmi wa, gidan Goggo Adawiyya ake nufa. Ungozoma ce, shekara arba'in da wani abu tana karɓar haihuwa. Kakanta ya zo daga Kano da fataucin kanwa, ya ga kogin Binuwai ya sauke kaya bai sake ɗauka ba. Ita kuwa a nan aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan ta yi takaba. Ba ta taɓa zama a benci na lekol ba, wato makarantar boko, ko sunanta aka rubuta mata da boko ba za ta gane shi ba. Amma Allah Ya ba ta kai mai riƙo. Kowane jariri da ya faɗo hannunta sai ta ɗaure shi da wani abu da ya faru a gari: wannan ɗan shekarar kwalara ne, wancan an yi sunansa ana ƙidayar jama'a, waccan kuma da kwalekwale aka je barkarta, shekarar da kogi ya shigo gidaje. Shi ya sa jauro, mai unguwa ke nan, yake ce mata Meri, wato ofishin magajin gari inda ake rubuta haihuwa. Idan ta wuce ƙofar gidansa sai ya ce, "Meri, yau an buɗe ofis ko ana hutu?" Ita kuma ta ce, "An buɗe, amma ba ma karɓar tsofaffi."

Dokar ƙasa ta ce a kai labarin haihuwa meri kafin wata uku, a karɓo takardar da ake kira akta. Wanda ya wuce lokacin, sai kotu. A unguwa irin tamu kuwa, mai jego tana wanka, uba yana kasuwar ƙauye, wata uku kamar ƙiftawar ido ne. Sai yaro ya kai aji shida, za a zauna jarrabawa, a ce ina akta, a dawo da shi gida. Saboda irin waɗannan ne gwamnati takan aiko da kotun tafi-da-gidanka, ta zauna a filin makaranta. Likita ya duba haƙoran mutum ya kimanta shekarunsa, shaidu su ɗaga hannu, mai shari'a ya rubuta. Abin da aka rubuta ranar shi zai bi mutum har kabari. Duk zaman da aka yi a unguwar, Goggo Adawiyya tana cikin shaidu.

An sha zuwa a roƙe ta ta rage wa mutum shekaru, don aikin gwamnati yana da iyakar shekarun ɗauka. Wani ya taɓa zuwa mata da furfura a gemu, wai ta ce shekararsa ashirin da takwas. Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, ni zan iya yin shiru, gemunka fa wa zai rufe masa baki?" Ba ta taɓa ragewa ba, ko na wata ɗaya. Takan ce ita ce ta fara ganin fuskar mutum a duniya, idan ta yi ƙarya a kan ranar, wa ya rage ya faɗi gaskiya?

Abin da ba ta taɓa tsammani ba shi ne a ce ta ƙara wa wani shekaru, kuma roƙon ya fito daga cikin gidanta.

Nasrullahi jikanta ne, ɗan 'yarta ta fari Aisatu. Ubansa Ilyasu ya rasu yana ƙarami, kuma lokacin da aka haife shi Ilyasun yana Ngong wajen sayen masara, aka yi ta cewa sai ya dawo, har wata uku suka wuce ba a yi wa yaron akta ba. Aka koro yaron daga aji shida, ya shiga kogi haƙar yashi, ya zama ƙato, kafaɗa kamar ƙofar zaure. Da aka yi shelar kotu za ta zauna a unguwa, sai ya zo ya tsuguna gaban kakarsa tana tsince shinkafa.

"Amarya, kin ji shela?"

"Na ji. Mijin da ba ya kawo cefane, me ya kawo shi?"

"Shaida nake so. In na sami akta zan zauna jarrabawar nan da aka hana ni, in na ci in shiga gasar ɗaukar soja. Ashirin da uku ce iyaka. Ina da sauran lokaci, ko?"

"Soja? Kai da kake gudun ƙadangare?"

"Wannan tun ina goye ne, tsohuwa. Yashi ya ishe ni. Kogi ya cika mu zauna, ya janye mu haƙa, haka zan tsufa?"

Ta ce masa yana da sauran lokaci. Ya tafi yana murna, ita kuwa shinkafar ta gagare ta tsincewa.

Washegari da hantsi Aisatu ta zo. Ba ta ko cire mayafi ba ta zauna a bakin tabarma. Maƙwabciyarta Rosalie, mutuniyar duwatsun arewa mai sayar da ƙosai, bara aka kawo mata ɗanta Arnaud, soja, daga bakin iyaka a cikin akwati, an lulluɓe shi da tuta. Aisatu ce ta riƙe ta ranar, da ta zube a tsakar gida. Tun daga nan ko kakin soja ta gani a kan babur sai ta kau da kai.

Ta ce, "Inna, likita ya duba shi jiya. Ya rubuta tsakanin ashirin da ashirin da biyar. Ke kawai za a ji. Ki ce ashirin da biyar."

Goggo Adawiyya ta dube ta. Kasancewar Aisatu 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce ke, ko 'yar nan.

"Ke, kin san abin da kike cewa?"

"Na sani. Mutane suna ragewa don su ci albashi, ni ƙari nake nema don ɗana ya rayu. Wa aka cuta? Gwamnati ba ta rasa 'ya'yan mutane ba."

"Shi aka cuta. Shekara huɗu za ki cire daga rayuwarsa ki jefa a kogi, yana kallo."

"Gara in jefa huɗu da a kawo mini shi a akwati. Inna, ke kika karɓi Arnaud da hannunki. Ba ki ga uwarsa ba?"

Ta gan ta. Ita ta yanke wa Arnaud cibiya, tana tuna har tabon da ke bayan kunnensa.

Aisatu ta ce, "To in ba za ki iya faɗa ba, kada ki je. Ki ce ƙafa ce ta tashi. Na yi magana da ƙannen babansa biyu, za su tsaya."

Kwana uku suka rage. Goggo Adawiyya ta juya maganar ta kowane gefe. Ƙafar kuwa da gaske tana ciwo, ba sai ta ƙirƙira ba. Amma tun tana yarinya ta ji a bakin malamai cewa ɓoye shaida da shaidar zur 'yan ɗaki ɗaya ne. Ta kuma tambayi kanta, in ta rufe masa wannan ƙofa, ajali a bakin iyaka kaɗai yake zaune? Masu haƙar yashi nawa kogin nan ya ci tana gani? Sai wata zuciyar ta ce mata, wannan magana ce mai sauƙi a bakin wadda ba ita ta yi naƙudarsa ba. Ita gwamnati, a iya sanin Goggo, aba ce mai nisa, hoto a bangon ofis da tuta a kan sanda. Tana zuwa ta nemi takarda, in ta sami takardar ta nemi mutumin. Amma kuma ta san darajar barcin da ake yi a Garwa, ta san 'ya'yan wasu ne suke tsaye a can arewa ake yin sa. Ta yi ta istigfari, ba ta gaya wa kowa abin da ta yanke ba.

Ranar zaman kotu ta yi alwala, ta ɗauki sandarta. An jera tebura a ƙarƙashin darbejiya a filin makaranta, zafin bazara yana dukan ƙasa, mata da yara sun cika inuwa. Mai shari'ar mace ce daga kudu, Madam Sidonie, da tabarau a kan hanci. Magatakardanta Aristide shi ke tafinta, da Hausarsa ta kasuwa. Da aka kira Nasrullahi, Aisatu ta hango uwarta tana tahowa a hankali, ta sunkuyar da kai. Ƙannen Ilyasu da suka ga tsohuwar sai suka ja da baya, kowa ya shiga duba wayarsa.

Aristide ya ce, "Mama, ɗaga hannun dama. Gaskiya kaɗai, ko?"

"Ita na kawo."

"Madam ta ce, sunan uwar yaro."

Ta ɗan tsaya. Shekara arba'in da biyar bakinta bai furta wannan suna ba. Matan unguwa da suka san haka suka dubi juna.

Ta ce, "Aisatu. Aisatu 'yata."

Sannan ta ba da labari, Aristide yana juyawa. Ranar defile aka haife shi, faretin ashirin ga Mayu na bikin ƙasa. Jandarmomi sun tare babban titi, ba hanyar zuwa asibiti, shi ya sa ita ta karɓi haihuwar a gida. Tana yanke cibiya ana jin gangar soja daga fili. Mai shari'a ta ce ranar ta fito, saura shekarar, ai kowace shekara ana defile.

Goggo ta ce, "Defile ɗaya ya wuce yana bayan uwarsa. Kafin na biyu ya zo aka kawo mini shi yaye, yana da wata ashirin da biyu. Ran da aka kawo shi, da hantsi, rana ta yi husufi. Gari ya yi ja-ja kamar magariba za ta yi, kaji suka rikice, maza suka tafi masallaci. Shi kuwa yana ta tsala ihu yana neman nono, ina ɗura masa kunu yana tofar mini a fuska."

Mutane suka yi dariya, Nasrullahi ya sosa ƙeya. Madam Sidonie ta cire tabarau. Ta ce ita ma tana tuna wannan husufi, tana ɗaliba a lokacin. Ta ƙirga da baya a kan takarda, ta rubuta ashirin ga Mayu, dubu biyu da huɗu. Aristide ya buga hatimi. Da Goggo ta juyo, wurin da Aisatu take zaune babu kowa.

Wata bakwai Aisatu ba ta taka gidan ba. Akushin tuwon da take aikowa kowace Juma'a bai fasa zuwa ba, amma babu saƙon gaisuwa a tare da shi. Da salla ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce ina wuni, ta tashi. Goggo Adawiyya ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Nasrullahi ya zauna jarrabawa a tsakiyar yara 'yan shekara goma sha biyu, gwiwarsa ba ta shiga ƙarƙashin benci, ya ci. Ya shiga gasa, ya yi gudu, likitocin soja suka auna shi, sunansa ya fito a allo. Da ya zo sallama ya ce, "Amarya, sai na dawo da igiya a kafaɗa in sake miki lefe." Ta ce, "Tafi can, ka dai riƙe salla." Ta tofa masa addu'a a ka.

Ran da motar soja ta kwashe su zuwa wurin horo, bayan la'asar, Goggo ta ji sallama. Aisatu ce, idanunta sun kumbura. Ta tsaya a tsakar gida ba ta zauna ba.

"Inna, ina kika binne mabiyiyarsa?"

A gidan aka haife shi, don haihuwar fari ce. Goggo ta dogara sanda ta zaga bayan ɗaki, ta nuna gindin lemun tsami, taku biyu daga katanga. Mutanen da can suna cewa inda aka binne mabiyiyar mutum, nan ƙafarsa take komowa. Goggo ba ta taɓa dogara da wannan ba, ta san mai mayarwa Allah ne. Aisatu ta ɗebo ruwa a buta ta zuba a gindin bishiyar, ta zauna a ƙasa. Tsohuwar ma ta lallaɓa ta zauna kusa da ita.

Can Aisatu ta ce, "Ban yafe ba tukuna, Inna."

"Na sani."

"In wani abu ya same shi..."

"Ni ma da shi nake kwana, da shi nake tashi."

Ana jin ƙarar manyan motocin auduga daga titi. Aisatu ta goge fuska da gefen mayafi ta ce, "Ran nan a gaban mutane, har da wani Aisatu 'yata. Ashe kin san sunan."

"Hukuma ce ta tambaya."

Yanzu Nasrullahi yana can arewa, yana kira idan ya sami layi. Goggo Adawiyya ta bar karɓar haihuwa, ido ya yi rauni, amma in kotu ta zauna har yanzu ana zuwa a ɗauke ta a babur. Kowace Juma'a Aisatu da kanta take kawo tuwon, ta ajiye, ta ɗauki buta ta zaga bayan ɗaki.