Ranar da Akwatin Sola Ya Watsa Jarabawarmu

Ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar jarabawarmu ta ƙarshe a sabon ɗakin taro na kwalejinmu a Potiskum.

Ginin abin alfahari ne. An yi masa manyan tagogi masu kallon juna don iska ta riƙa ratsawa, aka jera farantan sola a rufi, fankoki na juyawa ba ƙugin janareto, ba hayaƙi. Ni har 'yan baitoci na rubuta masa. Sai dai masu zanen sun auna rana da iska, ba su auna zukatanmu ba, a shekarun da ko tayar mota ta fashe sai kasuwa ta watse.

Lissafi muke rubutawa. Na riga na faɗi shi sau ɗaya, in na sake, sai gida. Ina tsakiyar tambaya ta uku wani akwati mai wayoyi ja da baƙi ya fara ƙara a bayanmu: tit, tit, tit. Ba wanda ya taɓa gaya mana haka yake yi in batir ya yi ƙasa.

"Yesu!" in ji wadda ke kusa da ni. Wani ya ce, "Innalillahi, bam ne!"

Tagogin da aka yi wa iska, mu muka ratsa su. Malamin da ke tsaronmu, da tumbinsa da babbar rigarsa, shi ya fara dira. Na bi shi a guje, sai a bayan katanga na lura takardar amsata na hannuna.

Da mai gyaran sola ya danna maɓalli ɗaya ƙarar ta mutu, malam ya gyara hula, muryarsa ta dawo.

"Ke, doka a fili take. Duk wanda ya fita da takarda ya faɗi."

Na ce, "Malam, ai an ce kada takarda ta yi nisa da mai tsaro. Shi ya sa na biyo ka."

Allah Ya yafe mini, tsoro ne kawai ya haɗa mu hanya. Ɗalibai suka kwashe da dariya. Ya harare ni ya ce, "Wuce ki zauna, sarkin biyayya."

Na ci jarabawar. Kwamitin kwaleji kuwa ya zauna, saboda tsaro aka cire batura, aka toshe tagogi da bulo, aka sayo janareto.

Tun ranar na gane, komai kyan gini, in ba a yi wa mazaunansa bayaninsa ba, tsoro ne zai sake zana shi.