Ragar da Kawu Ya Ɗinke

Jiya da la'asar, a hanyar Gesse, na ga maƙwabcina yana tura mashin ɗinsa, taya ta sace, matarsa na biye da goyo. Ni kaɗai ne a mota. Na kawar da kai kamar ban gan su ba, na wuce. Tun daga nan marigayi kawuna ya tsaya mini a rai.

Masunci ne a Argungu. In ya ga an shanya raga a bakin gulbi da ɓaraka, sai ya zauna ya ɗinke ta, ko ta wa ce. Wata rana na kai masa fura, na tarar da shi a inuwa yana ɗinkin wata raga, zare a baki, hannuwansa na ƙarnin kifi. Na gane ragar. Ta wani mutum ce da ya daina gaishe shi saboda rikicin gona.

Na ce, "Kawu, ai wannan ko sallama ba ya yi maka."

Bai ɗago ba. Ya ciji zaren ya ce, "Awo, na sani. Amma in ya hita da ita haka, mi ɗiyanai za su ci? Riƙe mini nan."

Na riƙe ina ƙunƙuni. Da muka gama ya mayar da ita inda ya same ta, sannan ya sha furarsa da ta riga ta tsinke.

Kawu, na ji kunyarka. Allah ya haskaka kabarinka, mu kuma ya tausasa zukatanmu tun muna da sauran kwana.