Yatsan Kawu

Jiya ɗiyata ta dawo daga lakwal, makarantar boko, da littafi mai hotunan kifin kunama, iri-iri, jajaye da masu ruwan toka, wai kusan kowane teku akwai su. Nan take na tuna da Kawu.

Kawuna ya yi dako a bakin teku a Abijan. Kullum yana murza shanyayyen yatsansa yana cewa, "Kifi ne ya harbe ni, kai ka ce dutse ne." Wata ranar kasuwar Guci na ce a gaban mutane, "Haba Kawu, kunama a ruwa?" Aka fashe da dariya. Ya sa hannun cikin riga. Bai ƙara ba da labarin ba har ya rasu.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ni kuma Allah ya yafe mini wannan baki nawa.