Facin Tsohon Kan Dutse

Mai Faci ake ce masa, har matarsa in ta ji haushi haka take kiransa. Tun yana saurayi yake shago ɗaya a bakin titi, tsakanin mai walda da mai sayar da fenti, daga shi sai bahon ruwa da famfo da almakashi. Kekunan unguwar kaf sun bi ta hannunsa, amma shi bai taɓa yin nisan da zai hana shi dawowa cin abincin rana ba. Akwai halinsa ɗaya da kowa ya sani: ba ya yarda da facin wani. In ya buɗe taya ya ga aikin da ba nasa ba, sai ya zare tif ɗin, ya yanyanka shi, ya mayar da shi igiyar ɗaure kaya.

Yana da ƙane, Akawu, wanda shi ya koya wa hawan keke, ya sha tsamo shi daga kwata yana kuka. To, wannan Akawun ne ya tara hutunsa, ya sa keke a kwali, ya shiga jirgi da abokan aikinsa, suka tafi wata ƙasa yawo a kan kekuna. Keken ma Mai Faci ne ya haɗa shi da hannunsa. Keke ya ga duniya, mai haɗa shi yana nan yana shaƙar hayaƙin walda. Abin ya ci masa rai, kuma ba ya iya ɓoyewa.

Ranar da Akawu ya dawo, aka cika falon Mai Faci ana kallon hotuna a waya. Ga hanya tana nannaɗe dutse, ga tafki, ga Akawu da wata hula kamar rabin kwano yana washe baki. Matar Mai Faci sai salati take yi.

"Mutum da hankalinsa ya tsallaka teku don ya taka feda," in ji Mai Faci. "Da ka faɗa min, da na ba ka aike kullum."

Aka yi dariya, Akawu bai damu ba. Ya ba da labarin ruwan da ya jiƙa su har cikin takalmi, da gangaren da ya sa ya riƙa kiran sunan mahaifiyarsu. Sannan ya zo kan ranar da tayarsa ta baya ta sace a wani ƙauye can kan dutse, ya tura keken har ƙofar wani tsoho mai gyara.

"Yaya, ban taɓa ganin hannu irin nasa ba," in ji Akawu. "Kafin in sha ruwa ya gama. Da na ce masa yayana ma sana'arsa ke nan, sai ya ce in..."

Mai Faci ya miƙe, ya ce ya manta bai kulle shago ba. Duwatsun da tafkin duk ya haɗiye su, amma wannan kam ta tsaya masa a wuya. Yaron da ya goya, yau shi ke yabon hannun wani a falonsa, a gaban matarsa!

Washegari Akawu ya ajiye keken a duba masa birki, ya wuce ofis. Ba wanda ya ce a taɓa taya. Mai Faci ya kifa keken, ya zare tif ɗin baya, ya laluba har ya kai ga facin. Ya so ya ga aikin banza, sai ya ga abin da ya ƙara ƙona masa zuciya: ɗan faci ƙarami, bakinsa ya kwanta luf, ko farce ba ya kama shi. Ya hura iska, ya danna shi cikin baho, ya matsa, ya murɗa. Ko kumfa ɗaya bai tashi ba.

Ya ɗauki almakashi, ya fara ta tsakiyar facin. Mai walda ya leƙo ya kwashi igiyoyin, har da godiya.

Da yamma Akawu ya dawo da fara'arsa.

"Yaya, jiya ka tashi ban ƙarasa ba. Tsohon nan cewa ya yi in kawo maka facin ka duba. Ya ce duk ƙauyen ba wanda ya san darajar aikinsa, sai mai sana'a irinsa. Ya ce gaisuwarsa ce gare ka. In ka gani, in ɗauke ka hoto da shi, in tura wa jikarsa ta nuna masa."

Mai Faci ya saukar da ido. Akawu ya bi idonsa har ƙasan benci, inda rabin facin yake kwance cikin ƙurar roba. Ya sunkuya ya ɗauka, ya juya shi, ya ajiye masa a kan gwiwa.

"Me zan ce masa, Yaya?"

Daga nan Akawu ya tura kekensa ya tafi.

Suna gaisawa har yau, amma Akawu bai sake ba da labarin tafiyar a gabansa ba, kuma in tayarsa ta sace, shi yake yin facinsa a gida. Rabin facin yana cikin gwangwanin da Mai Faci ke zuba ƙananan ƙusoshi. In kasuwa ta yi sanyi yakan ciro shi, ya yanki tsohon tif, ya kankare, ya shafa gam, ya gwada. Har yanzu bakin nasa bai kwanta haka ba, kuma wanda zai tambaya yana can kan dutse yana jiran hoto.